Adabin Turanci Da Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Shin Ɗan Musulmi Ya Karanta Su A Jami'a?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara idan lokacin bayar da guraben karatu a jami'o'i ya kama, tambayoyin da ake kawo mana masallaci sukan sauya. A bana, wani dattijo mai sayar da hatsi, maƙwabcinmu a nan Ƙofar Kware, ya jira har jama'a suka watse bayan sallar Isha'i, sannan ya matso ya zauna.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, magana ta kawo ni. Ɗiyata karatun lauya ta nema, sai aka ba ta adabin Turanci. Ƙanenta kuma ya ce in ya ƙare sakandare ilimin halayyar ɗan Adam zai karanta. Ita tatsuniyar Nasara, shi karatun mahaukata. Mi za su yi da su, duniya ko lahira? In haramun ne ka faɗa mini in hana tun da wuri, don kwanakin rajista sun kusa ƙarewa."

Ban yi masa dariya ba, domin tsoronsa tsoron uba ne da ya san za a tambaye shi game da kiwon da aka ba shi. Kuma na san inda ya samo kalmar "mahaukata". Ƙofar nan tamu ta ci sunanta ne daga garin Kware da ke arewa da mu a kan hanyar Illela, inda Asibitin Tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa yake. A bakin mutane da yawa, duk abin da ya shafi tunani da hankali can yake ƙarewa. Amsar da na ba shi a daren nan ita ce nake so in faɗaɗa a nan, don na tabbata akwai gidaje da yawa masu irin wannan tambaya.

Mene ne ake karantawa?

Malaman Usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Ɗalibin adabin Turanci yakan shafe shekara huɗu yana karanta ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, na Ingila da Amurka da kuma na Afirka, yana koyon nahawu da rubutu da yadda ake feɗe zance a gano manufar mai shi. Ɗalibin ilimin halayya kuwa yana nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, yadda yaro ke girma ya koyi abu, dalilan mantuwa da tsoro da fushi, da alamomin cututtukan tunani, tare da lissafin ƙididdiga mai yawa. Fanni ne da ya tsaya da ƙafarsa a Turai bayan Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwajensa a Jamus a 1879. Ya kamata iyaye su sani cewa mai wannan digiri ba likita ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa karatun likitanci yake fara yi, shi ne kuma mai rubuta magani. Shi ma masanin halayya ba ya fara duba marasa lafiya da digirin farko kaɗai, sai ya ƙaro karatu da horo a asibiti.

Akwai kuma wani tsari, wanda ya fi ƙarfi a Amurka, na barin ɗalibi ya haɗa fannoni: ya ɗauki adabi ko halayya a matsayin ginshiƙi, ya ɗora tarihi da falsafa da lissafi da wani harshe. Jami'ar Amurka da ke Yola a kan wannan salo aka gina ta. Sauran jami'o'inmu suna da ɗan kasonsu ta hanyar darussan gama-gari da ake wajabta wa kowane ɗalibi. Ita ma Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975 aka kuma sa mata sunan Shehu a 1988, ta yi shekaru masu yawa tana koyar da Larabci da addinin Musulunci da tarihi da Hausa da Turanci da Faransanci a ƙarƙashin tsangaya guda.

Gadon da muka tarar

Haɗa fannoni ba baƙon abu ba ne a garin nan. Duk wanda ya duba Ida'un Nusukh, inda Malam Abdullahi na Gwandu ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu, zai ga fiƙihu da tafsiri da hadisi tare da nahawu da balaga da manɗiƙi da lissafi da waƙa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan mulki da tarihi, ya kuma yi a kan magani. Da Baturen nan Clapperton ya dawo Sakkwato a 1826, cikin kyaututtukan da ya kawo masa akwai littafin Euclid na lissafi da Larabci, sai ya tarar Sarkin ya riga ya san littafin, don gidansu ya taɓa mallakar kwafinsa kafin gobara ta cinye shi. Jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa, ya yi zurfi a falsafa. Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kuma tsara 'yan taru don ilimi ya isa ga matan ƙauye.

Game da adabi, na tambayi dattijon nan ko ya san Imru'ul Ƙaisi. Ya ce ya sha jin sunan a zauren malamai. Na ce to, mutumin nan ya mutu kafin aiko Manzon Allah (SAW), kuma a waƙoƙinsa akwai abin da ba a karantawa gaban surukai. Amma malamanmu sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna karantar da waƙoƙin Jahiliyya da Maƙamatul Hariri a zaure, domin ta nan ake mallakar harshe. Abdullahi ɗan Abbas da kansa yakan koma ga waƙoƙin Larabawa don bayyana ma'anar kalmomin Alƙur'ani. Karanta maganar wanda ba Musulmi ba domin sanin harshensa da tunaninsa daban ne, bin aƙidarsa daban. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta musu amsa, ya kuwa iya shi cikin kimanin rabin wata.

Wa zai ba da labarinmu?

A 1939 wani tsohon jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Borgu, Joyce Cary, ya fitar da littafin Mister Johnson. Turawa suka yaba. Wani ɗalibi a Ibadan mai suna Chinua Achebe ya karanta, bai ga mutanen da ya sani a ciki ba, wannan kuwa yana cikin abin da ya zaburar da shi ya rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. Da bai karanci adabin Turawa ba, da bai san inda zai gyara musu ba.

Mu ma ana rubutu a kanmu. A 2015 Elnathan John ya fitar da Born on a Tuesday, labarin wani almajiri wanda mafi yawansa a Sakkwato yake gudana, cikin masallaci da saɓanin ƙungiyoyi, har an fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci. Mai karatu a Faransa ta wannan taga yake leƙen garinmu. Ko littafin ya yi daidai ko ya yi kuskure, wanda zai iya auna shi sai wanda ya san Sakkwato, ya san addini, ya kuma san ƙa'idojin adabi. Haka nan, duniyar masu Turanci ta san Nana Asma'u ne musamman ta hannun Jean Boyd da Beverly Mack, waɗanda suka tattara ayyukanta suka fassara a 1997. Allah Ya sa sun yi aikin da adalci, amma tambayar tana nan: ina jikokinta? Rubuce-rubucen magabatanmu masu yawa suna nan a ajiye suna jiran wanda ya haɗa Larabci da Turanci mai kyau.

Ciwon da ba a gani

Ilimin halayya ma ba Turawa suka fara shi ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin masoyi, da wanda yake danne mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana buƙatar magani. Imamu Gazali ya cika Ihya'u da bayanin cututtukan zuciya da hanyoyin warkar da su, malaman jihadi kuma suka bi sawunsa.

Buƙatar kuwa a ƙofar gidanmu take. Mu limamai mun san abin da ake kawo mana: mai jegon da ta daina barci ta daina kula jaririnta, saurayin da ƙwaya ta juya wa tunani, dattijon da yake maimaita alwala har lokacin salla ya fita, da mata da yara da suka gudo daga Isa da Sabon Birni da Rabah bayan sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Ruƙiyya gaskiya ce, addu'a kuma makamin mumini ce. Amma na taɓa yi wa wata baiwar Allah karatu na makonni ba tare da sauƙi ba, sai da na shawarci mijinta ya kai ta asibiti, Allah Ya kawo sauƙi ta can. Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Doka dai takarda ce, mutane ne za su yi aikin. Idan muka hana 'ya'yanmu wannan karatu, wa matanmu za su buɗe wa cikinsu? Gazali ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda in kowa ya bari duk gari ya yi laifi. A fahimtata, wannan fanni yana shiga ƙarƙashin wannan ƙa'ida.

Inda haɗarin yake

Ba zan ɓoye wa iyaye ba, akwai ƙaya a hanyar. Sigmund Freud, wanda kowane ɗalibin halayya zai haɗu da sunansa, ya ɗauki addini a matsayin ruɗin da ɗan Adam ya ƙirƙira don lallashin kansa. Wasu mazhabobin fannin ba su san da ruhi ba sam. A adabi ma akwai littattafai masu ƙawata alfasha, da ra'ayoyin nazari da aka gina a kan cewa babu wata tabbatacciyar gaskiya. Farfesa Malik Badri, masanin halayya ɗan Sudan da ya rasu a 2021, ya rubuta littafi tun 1979 yana gargaɗin Musulmi masana fannin da kada su haɗiye duk abin da aka miƙo musu. Sai dai bai ce a bar fannin ba. Ya zauna cikinsa har ƙarshen rayuwarsa yana tacewa, shi ne ma ya fassara sashen littafin al-Balkhi zuwa Turanci.

Don haka abin da nake gani shi ne karatun halal ne, yana iya zama ibada in niyya ta gyaru, amma da sharuɗɗa. Na farko, farilla ta ainihi tana gaba: kada yaro ya shiga jami'a bai san tauhidinsa ba, bai wuce Ahalari da Ishmawi ba. Na biyu, ya kasance yana da malamin da zai riƙa kai wa shubuha tun tana ɗanya, malamin kuma ya saurare shi ba tare da tsawa ba, don tambayar da aka tsawatar ba ta mutuwa, ɓuya take yi. Na uku, ya bambance abin da aka tabbatar da gwaji da abin da yake ra'ayin marubuci ne kawai. Na huɗu, kada Turanci ya raba shi da Larabci da Hausa. Na biyar, a yi maganar abinci tun yanzu: waɗannan digirori ba sa zuwa da aiki a hannu, sai an haɗa da ƙwarewa, ko koyarwa, ko aikin jarida, ko fassara, ko ƙarin karatu.

Dattijon nan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To Malam, in ta ɓace fa?" Na ce da shi shiriya a hannun Allah take, ba ni da lamuni a kanta, ko ga ɗana na cikina. Amma wayar da ke hannunta a ɗaka tana kawo mata abin da ya fi na aji muni, ba malami ba jarrabawa. Gara ta gamu da waɗannan ra'ayoyi da rana tsaka, tana da wanda za ta tambaya.

Bayan kwana uku ya aiko ƙanenta ya gaya mini an biya kuɗin rajista, da sharaɗin ba za ta bar makarantar Islamiyyarta ta Asabar da Lahadi ba. Maganar shi yaron kuwa, ya ce a bari sai ya ga yadda yayar ta kaya.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfanar da mu abin da Ya sanar da mu, Ya shirya mana zuriyarmu. Allah ne Mafi sani.