Jiragen Makara: Yadda Yunwa Ta Tura 'Yan Ayilan Ƙetare Teku

Duk sanda muka sayi dankalin turawa a kasuwa, wanda wasunmu ke kira "arish", ba kasafai muke tambayar inda wannan suna ya samo asali ba. Sunan na ƙasar Ayilan ne, wani tsibiri a yammacin Birtaniya. A can, shekaru kusan 180 da suka wuce, wannan dankali ne abincin talaka safe da rana da dare. Da ya lalace, miliyoyin mutane suka rasa abin kai wa baka.

A shekarar 1845 wata cuta ta shiga gonakin dankali. Manomi zai tono gonarsa ya tarar dankalin ya yi baƙi ya ruɓe yana wari. Cutar ta yi ta dawowa shekara bayan shekara. Ƙidayar 1841 ta nuna mutanen Ayilan sun haura miliyan 8. Daga 1845 zuwa 1852 kimanin miliyan 1 suka mutu saboda yunwa da cututtuka, fiye da miliyan 1 kuma suka bar ƙasar.

Abin da ya fi ba mu mamaki da muka karanta tarihin shi ne, ba abinci ne ya ƙare ƙarƙaf ba. A lokacin Ayilan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, kuma an ci gaba da fitar da hatsi da shanu daga tashoshin jiragenta. Yawancin manoma haya suke yi a gonakin masu ƙasa. Wanda ya kasa biyan kuɗin haya sai a kore shi, wani lokaci har a rushe ɗakinsa. Wasu masu ƙasar ma biya wa talakawa kuɗin jirgi suka yi don kawai su rabu da su.

Tafiya Amurka ko Kanada a wancan zamani kusan bankwana ne na har abada. Shi ya sa a daren tashi dangi da maƙwabta kan taru su kwana tare da matafiyi kamar ana zaman makoki, don sun san da wuya su sake ganin fuskarsa.

Jiragen ba na inji ba ne, iska ke tura su, don haka ƙetare tekun Atilantika kan ɗauki mako 6 zuwa 8. Da yawansu ba don mutane aka ƙera su ba. Katako suke kawowa daga Kanada, kuma maimakon su koma fanko, sai masu su su kafa gadajen katako a ƙasan jirgin su cika shi da fasinjoji. Kuɗin zuwa Kanada ya fi na Amurka araha, saboda haka mafi talauci can suka nufa.

Mu kwatanta ɗakin kwanan ɗalibai da aka cusa wa ɗaruruwan mutane, babu taga, babu isasshen ruwa, ba wurin wanka. Idan guguwa ta taso sai a rufe ƙofar sama, a bar su cikin duhu na kwanaki. A irin wannan cunkoso ƙwarƙwata ke yaɗa zazzaɓin taifus daga jiki zuwa jiki, ga kuma atini. Wanda ya mutu sai a naɗe shi a jefa teku. Daga nan aka sa wa waɗannan jirage sunan da za mu iya kira jiragen makara.

Shekarar 1847 ce ta fi muni. Kimanin mutum 100,000 suka nufi Kanada. Yawancin jiragen sai sun tsaya a tsibirin Grosse Île da ke kogin St. Lawrence, kusa da birnin Quebec, inda ake killace marasa lafiya. Asibitin wurin ƙarami ne, nan da nan ya cika, jirage suka yi layi a kogi suna jira da marasa lafiya a ciki. Fiye da mutum 5,000 aka binne a tsibirin a wannan shekara kaɗai, kuma likitoci da limaman coci da ke jinya su ma wasunsu sun kamu sun mutu. Iyalai masu jin Faransanci a Quebec sun ɗauki marayu da dama suka raine su.

To, shin teku ce ta kashe su? Labarin wani jirgi mai suna Jeanie Johnston ya ba mu amsa. Daga 1848 zuwa 1855 ya yi tafiya 16 daga garin Tralee, ya kai mutum kusan 2,500, kuma ko fasinja ɗaya bai mutu a cikinsa ba. Ba wani sihiri ba ne. Kyaftin ɗinsa, James Attridge, ba ya cika jirgin fiye da kima, kuma akwai likita a ciki, Richard Blennerhassett, mai kula da tsabta. Teku ɗaya ce, iska ɗaya, bambancin kawai shi ne a nan an ɗauki fasinja a matsayin mutum. Yau akwai kwafin jirgin a birnin Dublin, ana shiga ana gani.

Daga baya jirage masu tururi suka rage tafiyar zuwa ƙasa da mako 2, Jamusawa da Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai suka yi ta kwarara. Ranar 1 ga Janairu, 1892, aka buɗe tashar karɓar baƙi ta tsibirin Ellis a New York. Wadda aka fara yi wa rajista wata yarinya ce daga yankin Cork na Ayilan, Annie Moore, mai shekara 17, tare da ƙannenta maza biyu. Sa'ar yawancinmu ce. Kafin a rufe tashar a 1954, kimanin mutum miliyan 12 sun bi ta can.

Waɗanda suka tsira sun sha ƙyama da aikin wahala, suna haƙa magudanai suna shimfiɗa layin dogo, suna kuma aika ɗan abin da suka samu gida don a ɗauko wani ɗan'uwa. Ɗaya daga cikinsu, Patrick Kennedy, ya bar Wexford a shekarun yunwar. A 1961 tattaɓa-kunnensa John F. Kennedy ya zama shugaban Amurka. Amma ita Ayilan, har yau yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake a 1841 ba.