Daga sahti na Finlan zuwa hurar gidanmu: wa ke riƙe da sunan abin sha?

Jama'a masu saurarenmu a Ƙonni, Malbaza da Illela, da 'yan uwa da ke ci-rani a Abijan, Akara, Legas ko Faransa, yau mun ɗauko labari daga nesa, amma ƙarshensa a cikin ƙwaryarmu zai sauka.

A ƙasar Finlan, can arewacin Turai, akwai wani abin sha na manoma da ake kira sahti. Giya ce, kuma kowa ya san hukuncin giya a Musulunci, don haka ba tallarta muka zo yi ba. Abin da ya faru da sunanta ne ya ja hankalinmu.

Yadda ake yin sahti ya yi kama da yadda ake dafa burkutu da tsiron dawa. Su tsiron sha'ir suke jiƙawa, su haɗa da wani hatsi dangin alkama. Sai su tace ruwan a cikin wani komi na gungumen itace da aka shimfiɗa wa rassan wata bishiya mai ƙamshi, su zuba yis irin na burodi. Ba ya jure ajiya, in ba a wuri mai sanyi ba sai ya lalace. Shi ya sa ya daɗe yana abin gida, na biki da taron dangi.

Da labarinsa ya fita waje, ƙananan kamfanoni suka shiga kwaikwayo, kowa da nasa salo. A Amurka, kamfanin Dogfish Head ya yi wani da ya sa wa suna Sah'tea, har da ganyen shayi da kayan ƙamshi a ciki. Suna ya yi tafiya, amma abin da ke cikin kwalba ya sauya. A 2002 Tarayyar Turai ta yi wa sahti rajista a matsayin kayan gargajiya. Ma'ana, duk mai sayar da abu da wannan suna a ƙasashenta, dole ya bi hanyar da aka rubuta.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne hura. Mun san aikinta: a surfa hatsi, a wanke, a daka da citta, kanumfari da barkono, a cura, a dafa, a kirɓa a turmi, sannan a dama da nonon shanu. Yau kuwa a Yamai, Sakkwato da Kano ana sayar da ita a gora cikin firigo, ana kuma busar da ita a zuba a leda har ta tsallaka teku. Wannan ci gaba ne, ƙungiyoyin mata da yawa da shi suke rufa wa kansu asiri.

Sai dai mu duba ciki. Wata hurar gora ba ta taɓa ganin nonon Fulani ba. Da madarar gari ake haɗa ta, kuma wani kaso na madarar da ake shigo mana da ita daga Turai an cire mata man shanu an musanya da man itatuwa. Kan haka ne makiyaya da ƙungiyoyi a Afirka ta Yamma suka fara gangamin kare nonon gida a 2018. In sunan hura yana kawo kuɗi amma mai nono a ruga ba ta ga ko dala ba, wa ya ci riba?

Kare suna ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Albasar Galmi, nan cikin gundumar Malbaza, da kilishin Nijar sun samu rajista a hukumar OAPI mai ƙasashe 17, wadda mazauninta ke Yawunde. Amma akwai bambanci. Rajistar albasa tana ɗaure suna da wuri, ta sahti kuwa da yadda ake yi. Hura ba ta gari ɗaya ba ce, daga Tawa har Zariya ana damawa, don haka darasin Finlan ya fi dacewa da ita: a zauna da iyayenmu mata a rubuta me ake kira hura, da me ake yin ta.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Mai sarrafawa ta rubuta gaskiya a jikin gora: nonon shanu ne ko madarar gari, da ranar da aka dama. Ku kuma 'yan ci-rani, in za ku saya ko ku yi saƙo daga gida, ku tambaya. Tambayarku ita ce za ta sa kuɗin su dawo ga manomi da makiyayi.