Baƙin allo ba mutuwar kwamfuta ba ne: Abin da ke hana Linux tashi, da yadda ake gano shi

A tsakiyar watan Agustan 2024, mutane a ƙasashe daban-daban sun kunna kwamfutocinsu kamar kullum, sai suka ci karo da ɗan rubutu a kan baƙin allo yana cewa wani babban abu ya lalace, daga nan na'urar ta mutu da kanta. Dukansu mutane ne da suka haɗa babbar manhaja biyu a kwamfuta ɗaya, wato Windows da Linux. Ba ƙwayar cuta ba ce ta kama su. Sabuntawar tsaro ce da kamfanin Microsoft ya fitar ranar 13 ga watan, domin toshe wata kafa a manhajar GRUB da ke tayar da Linux. Kamfanin ya ce sabuntawar ba za ta taɓa kwamfutocin da ke ɗauke da manhajojin biyu ba, amma ta taɓa da dama daga cikinsu, har masu Ubuntu da Debian da Linux Mint suka wayi gari a waje, kamar wanda aka sauya wa kwaɗon gida yana kasuwa.

Abin lura shi ne, sabuntawar ba ta goge fayil ko ɗaya ba. Takardu da hotuna suna nan inda aka bar su, ƙofar shiga ce kawai ta ƙi buɗuwa. Waɗanda suka fahimci haka sun shiga saitin na'urar, suka kashe tsarin tsaron da ake kira Secure Boot na ɗan lokaci, suka share sabuwar dokar da umarni guda, suka ci gaba da harkokinsu. Wanda bai fahimta ba kuwa, shi ne ke cikin haɗarin yin abin da ya fi matsalar muni: goge kwamfutar gaba ɗaya a sake zuba manhaja.

Wannan batu ya ƙara kusantar Najeriya tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma injin da bai tsufa ba, alhali kuwa kaso mai yawa na laftof ɗin gwanjo da ake saye a Computer Village da ke Ikeja ko Banex da ke Wuse 2 a Abuja sun girmi wannan sharaɗi. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kyauta ce kuma tana tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori, don haka ɗalibai da masu shagunan buga takardu da masu koyon rubuta manhaja suke karkata gare ta. Sai dai ranar da ta ƙi tashi, mai gyaran da ke kusa galibi Windows ya sani, kuma maganinsa ɗaya ne, a goge a sake. Ɗalibar da kundin kammala karatunta ke cikin na'urar, ba ta da kwafi a ko'ina, ita ke biyan kuɗin wannan gaggawa.

Tashin kwamfuta tsere ne na miƙa sanda

Daga danna maɓallin kunnawa zuwa bayyanar fuskar aiki, daƙiƙu kaɗan ne, amma hannu biyar ko shida ke karɓar aikin bi da bi. Da farko ƙaramar manhajar da ke zaune a jikin na'urar, BIOS a tsofaffi ko UEFI a sababbi, ita ke farkawa ta duba kayan aiki. Ita ce ke kiran GRUB. GRUB ya ɗauko kenel, wato zuciyar Linux, tare da wani ɗan ƙunshi na wucin gadi mai suna initramfs wanda aikinsa shi ne nemo ɓangaren faifan ajiya inda manhajar take. Da an samu, sai systemd ya karɓa ya tayar da sauran hidimomi ɗaya bayan ɗaya, na sauti da na intanet da makamantansu. A ƙarshe allon shiga ya fito ya nemi kalmar sirri, sannan fuskar aiki ta buɗe, ko GNOME ce ko Cinnamon ko KDE Plasma ko Xfce.

Duk gwanintar gyaran ta taƙaita a kan tambaya guda: a hannun wa sandar ta faɗi? Mutumin da ya ce "kwamfutata ba ta tashi" bai ba da bayani ba tukuna. Wanda ya ce ta nuna tambarin Ubuntu sannan allo ya yi baƙi ya riga ya wanke matakai uku daga zargi.

Idan na'urar ta ce ba ta ga abin da za ta tasa ba, ko ta zarce Windows kai tsaye kamar ba a taɓa sa Linux ba, matsalar tana matakin farko. A tsofaffin kwamfutoci, mai laifin sau da yawa ɗan batir ne mai kama da kwabo da ke manne a cikin na'urar, wanda ke riƙe saiti da agogo. Idan ya mutu, jerin abin da za a fara tasowa na iya komawa yadda ya fito daga masana'anta. Alamar da ke tona shi ita ce kwanan wata ya koma shekarun baya. Agogon da ya yi kuskuren awa ɗaya cif a kwamfutar da ke ɗauke da manhajoji biyu kuwa ba batir ba ne: Linux na ajiye lokacin duniya ne a agogon na'ura, Windows kuma na ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, Najeriya kuwa tana gaban lokacin duniya da awa guda.

Idan kuma aka ga rubutun "grub rescue" da ɗan layi yana ƙiftawa, to GRUB ya farka amma ya rasa inda sauran kayansa suke, yawanci bayan an taɓa rabe-raben faifai. Ana gyara wannan daga waje, da filas ɗin da aka zuba Linux da shi tun farko, ta hanyar sake girka GRUB ko amfani da manhajar Boot-Repair. Ko gwanaye ba su tsira daga irin wannan ba. A Yulin 2020, gyaran da aka fitar domin kafar tsaron da aka laƙaba wa BootHole ya hana wasu kwamfutocin Red Hat da CentOS tashi, a Agustan 2022 kuma wata sabuntawar GRUB ta bar masu Arch Linux da EndeavourOS da dama suna faɗawa saitin na'ura duk lokacin da suka kunna.

Inda ɗauke wuta ke shigowa

Matakin da ya fi shafar ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma batirin laftof ɗin gwanjo bai cika riƙe caji ba, shi ne na tsakiya. Idan kwamfuta ta mutu tana cikin rubutu a faifai, tsarin fayil na iya hargitsewa. Tsarin ext4 da yawancin nau'o'in Linux ke amfani da shi yana da kundin da yake rubuta abin da yake shirin yi, don haka yakan gyara kansa a tashi na gaba ba tare da kowa ya sani ba. Wani lokaci ɓarnar takan fi ƙarfinsa, sai ya tsaya ya ajiye mutum a baƙin allo mai kalmar initramfs, ba hoto ba linzami.

Wannan allo ya fi kowanne tayar da hankali, amma yana cikin mafi sauƙin magancewa. Idan aka rubuta exit, na'urar za ta faɗi ɓangaren da ya lalace, misali /dev/sda2. Sai a rubuta fsck -y /dev/sda2, a bari ta gama bincike da ɗinki, a sake kunnawa. Mintuna kaɗan ne. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: ba a yi wa ɓangaren da manhajar ke gudana a kansa wannan aiki tana tsaka da gudana. Kuma idan matsalar ta riƙa dawowa mako bayan mako ba tare da an ɗauke wuta ba, faifan ne da kansa ke ban kwana, abin yi shi ne kwashe kaya tun da sauran numfashinsa.

Ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa ya fi wannan ɓarna, domin yakan bar wasu manhajoji rabi sabo rabi tsoho. A dangin Debian, wanda ya haɗa da Ubuntu da Mint, umarni biyu ke ƙarasa aikin da aka yanke: sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install. Tambayar ita ce a ina za a rubuta su alhali kwamfutar ba ta buɗe ba. A nan jerin zaɓin GRUB ke da amfani. Riƙe maɓallin Shift yayin tashi a tsofaffin na'urori, ko danna Esc a masu UEFI, zai fito da shi ko da an ɓoye shi. A cikinsa akwai yanayin ceto, akwai kuma tsohon kenel da tsarin ya adana. Zaɓar tsohon kenel kaɗai kan dawo da kwamfutar da ta daina tashi bayan sabuntawa.

Akwai kuma wanda ya taɓa saka sunan faifan waje a fayil ɗin /etc/fstab domin ya riƙa haɗuwa da kansa, ya manta, wata rana ya cire faifan. Tsarin zai jira shi daƙiƙa 90, sannan ya faɗa yanayin gaggawa. Ƙara kalmar nofail a layin ya isa.

Baƙin allo da zagayen kalmar sirri

Matsaloli biyu ne suka fi yawa a matakin ƙarshe, kuma su ne aka fi yi wa mummunar fahimta, domin a dukansu Linux ta riga ta tashi, tana raye a bayan labule. Hanyar tabbatarwa ita ce danna Ctrl da Alt da F3 tare. Idan rubutu ya fito yana neman suna da kalmar sirri, to komai na aiki, ɓangaren hoto ne kawai ya gaza.

Ta farko ita ce baƙin allo bayan tambari, wanda galibi direban katin hoto ke jawowa. Katin Nvidia ya daɗe da suna a wannan fage, har Torvalds ya caccaki kamfanin a bainar jama'a a Jami'ar Aalto a 2012, ko da yake tun 2022 kamfanin ya fara buɗe wani sashe na direbansa. Dabarar wucin gadi ita ce a danna e a jerin GRUB, a nemi layin da ke ɗauke da quiet splash, a ƙara nomodeset, a danna F10. Hoton zai fito da kauri ba kyau, amma ya isa a shiga a girka direban da ya dace. Cire kalmomin quiet splash ɗin ma na da nasa amfani, domin sai na'urar ta riƙa faɗin abin da take yi layi-layi, a ga daidai inda ta maƙale. Wani tarkon kuma shi ne shuɗin allon da kan fito sau ɗaya bayan girka direba a na'urar da Secure Boot ke kunne, yana neman a yi rajistar mabuɗi. Mutane da yawa kan tsallake shi cikin sauri, daga nan tsarin ya ƙi amincewa da direban.

Ta biyu ita ce zagaye: a rubuta kalmar sirri daidai, allo ya ƙifta, ya dawo yana neman ta kuma. Mai kwamfuta yakan zaci an yi masa kutse ko ya manta kalmar. Sau da yawa faifan ne ya cika maƙil. Fuskar aiki na buƙatar rubuta wasu ƙananan fayiloli kafin ta buɗe, idan babu wuri sai ta koma baya. Dalilin da ya sa kwamfutar ke iya kaiwa har allon shiga shi ne, ext4 kan keɓe kashi 5 cikin 100 na faifai domin amfanin tsarin kansa, mai amfani na yau da kullum kuwa ba shi da rabo a ciki. Laftof mai ƙaramin faifai da aka cika da fina-finai da bidiyon biki ya fi saurin faɗawa nan. Umarnin df -h zai nuna cikar, sudo apt clean ko goge manyan fayiloli biyu zuwa uku kuma zai buɗe hanya. Idan faifan bai cika ba, sai a duba ɓoyayyen fayil ɗin .Xauthority da ke babban fayil na mai amfani, wanda mallakarsa kan koma hannun mai kula da tsari idan an buɗe manhajar hoto da sudo.

Linux ba ta ɓoye ciwonta. Tana rubuta kusan duk abin da ya faru a kundinta, kuma journalctl -b na nuna labarin tashin da ake ciki, journalctl -b -1 kuma na wanda ya gabata. Layukan kuskure kan fito da jan launi. Ɗaukar hoton wannan layi da waya, a nemi ma'anarsa kalma da kalma, ya fi kwafo umarni barkatai daga intanet, waɗanda wani ya rubuta domin wata na'ura da wata matsala daban. Umarnin da ya ƙunshi dd ko mkfs ko rm -rf, musamman, ba a rubuta shi sai an san abin da zai yi, domin ba ya tambaya sau biyu.

Kafin duk wannan, akwai matakin da ya kamata ya zo farko idan akwai abu mai daraja a na'urar. Filas ɗin girka Linux na iya tayar da kwamfuta ba tare da ya taɓa abin da ke cikinta ba, idan aka zaɓi gwadawa maimakon girkawa. Daga nan ana buɗe faifan kamar kowane fayil, a kwashe takardu zuwa wani wuri, muddin ba a kulle faifan da kalmar sirrin da aka manta ba. Filas mai gigabait 8 ya wadatar ga yawancin nau'o'in. Linux Mint kuma na zuwa da manhajar Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin lokaci-lokaci domin a iya mayar da shi yadda yake jiya ko makon jiya. Sai dai a saitinta na asali, fayilolin tsari kawai take adanawa, ba ta haɗawa da takardu da hotunan mai kwamfuta. Waɗannan sai an yi musu kwafi daban.