Inzayim Masu Isar Da Saƙo Da Ginin Bangon Irin Yisti

1.0 Gabatarwa

Duk mai tuyar masa a unguwar Zungur ta birnin Bauchi ta san cewa ƙullun shinkafa ba ya tashi sai an sa masa yisti ko ragowar tsohon ƙullu, an bar shi ya kwana. Shi wannan yisti halitta ne mai rai, mai ƙwaya ɗaya tak, wanda masana ke kira Saccharomyces cerevisiae. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda yake gina wa irinsa bango idan yunwa ta tsananta, da kuma abin da ke tsara ginin. A nan "inzayim" na nufin furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai a cikin ƙwaya, "iri" kuwa ƙwayar da ke kwanciya ta jira sauƙi.

2.0 Samuwar Iri Da Tsarin Bangonsa

Matuƙar akwai sukari, yisti yakan hayayyafa ta hanyar toho, yana fitar da iskar da ke kumbura ƙullu. Idan sukari da naitirojin suka ƙare, sai ƙwayar ta raba kayan gadonta gida huɗu, ta samar da iri huɗu a cikin jikinta. Ya kamata a lura cewa garin yistin da ake saye a leda ba iri ba ne, ƙwayoyi ne da aka busar.

Bangon kowane iri hawa huɗu ne, kuma daga ciki ake farawa: manan, sai gulukan, sai kitosan, sannan daitairosin, wanda Peter Briza da abokan aikinsa suka bayyana a 1986. Hawa biyun waje su ne sulken iri. Ƙwayar yisti ta yau da kullum ba ta da su.

3.0 Masu Ba Da Umurni

Inzayim masu aikin ginin daban suke da masu tsara shi. Na biyun ana kiransu kinas, aikinsu kuwa shi ne liƙa wa wani furotin ɗigon fosfet, wanda ke tayar da shi ko ya dakatar da shi. Matsayinsu ke nan na sarkin magina, wanda ke faɗin lokacin da za a ɗora kowane hawa.

A 1994 ɗakin binciken Edward Winter da ke Filadelfiya ta Amurka ya gano kinas mai suna Smk1. Yistin da ya rasa shi yakan raba gadonsa lafiya lau, amma bangon ya fito a hargitse: wani hawa ya ɓace, wani ya zauna ba a gurbinsa ba. A shekarar dai, ɗakin binciken Jacqueline Segall a Toronto ta Kanada ya nuna irin wannan naƙasa ga yistin da ya rasa Sps1. Bayan haka aka fahimci cewa Sps1 na da hannu wajen kai inzayim Chs3, mai samar da kayan hawa na uku, inda ake ginin.

Shi kansa Smk1 ba ya tashi sai da fosfet biyu. Na farko kinas Cak1 ke liƙa masa, na biyu kuwa shi ke liƙa wa kansa bayan furotin Ssp2 ya haɗu da shi, kuma Ssp2 ba ya yawaita sai rabon gado ya zo ƙarshe. Ta haka ake hana fara gini kafin lokaci. Haka nan, binciken 1999 ya nuna cewa matakan ƙarshe na ginin sun fi na farko buƙatar ƙarfin Smk1.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ingancin bango ya dogara ne a kan jeri da lokaci, ba a kan kayan gini kaɗai ba. Amfaninsa ya fito fili a 2008, lokacin da ɗakin binciken Aaron Neiman ya nuna cewa iri kan ratsa hanjin ƙudan tsami ya fita da rai, alhali yawancin ƙwayoyin da ba su da sulke sukan narke. Al'amarin ya shafi lafiya ma, domin Cryptococcus, wani yisti mai haddasa sanƙarau ga masu raunin garkuwar jiki, yana buƙatar kitosan a bangonsa kafin ya iya cutarwa. Sanin yadda ake tsara bango, ashe, mataki ne na sanin yadda za a rushe shi.