Gyaran Kwale-kwalen Faiba: Waɗanne Injina Za Ka Fara Saya?

Yawan haɗurran kwale-kwalen katako a Kogin Neja ya sa ake ta kira da a koma amfani da na faiba. To amma faiba ma tana tsagewa, kuma guduma da ƙusa ba sa gyara ta. Idan kana tunanin shiga wannan sana'a, kuɗinka zai fi tafiya ne a kan injina.

Fara da injin gurza, wanda masu walda ke kira giranda, mai faifai milimita 115. Kafin a shimfiɗa sabuwar faiba, sai an gurje gefen tsagar ya yi gangare, faɗinsa ninki 12 na kaurin jikin jirgin: idan kaurin milimita 5 ne, za ka gurje milimita 60 a kowane gefe. Giranda na gama-gari yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Hannunka ya ɗan goce kawai, tsaga ta koma rami. Shi ya sa na fi son wanda ake iya rage masa gudu, ko da ya fi tsada.

Sai injin samfefa mai juyawa yana karkarwa, don ba ya barin zane. Samfefa lamba 40 ta gurza ce, 80 ta share fage kafin shafa rezin, 220 zuwa sama ta sumulcewa.

A ganina, batir shi ne babban lamari. Wayar lantarki a bakin ruwa kasada ce da rai, don haka mai batir ya fi. Lissafin irin na wayarka ne: bolt 18 sau 5Ah ya ba da 90Wh, alhali batirin waya mai 5000mAh bai wuce kusan 19Wh ba. Giranda na zuƙe batir da sauri, ka tanadi biyu. Kada 20V Max da DeWalt ke rubutawa ya ruɗe ka, a wajen aiki bolt 18 ne. Kuma batirin Makita ba ya shiga injin Bosch, kamar dai cajar tsohuwar iPhone da wayar Android. Ka zaɓi kamfani ɗaya ka tsaya a kansa.

Ƙurar faiba ɓurɓushin gilashi ce. Tana sa ƙaiƙayi, tana cutar da ido da huhu, tana kuma cinye cikin injin. Ka ware kuɗin tabarau da takunkumi mai matata irin FFP3, domin na ƙyalle ba ya tare ta.