Kafin a Kira Yaro Daƙiƙi

Da wuya ka shiga ajin firamare ba ka tarar da yaron da malamai suka riga suka yanke wa hukunci ba. Wani ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, an sa masa suna daƙiƙi. Wani kuma ba ya minti biyar a kan benci, ya tsokani wannan, ya leƙa taga, ya yar da fensir, sai a ce ƙiriniya ce da rashin ji. Maganin da aka saba ba su duka biyun shi ne bulala. Alhali fiye da shekara ɗari ke nan masana halayyar ɗan'adam suna da hanyar bincikar abin da ke damun irin waɗannan yara.

A Faransa aka faro abin. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka tsara wasu tambayoyi don gano ɗaliban da ke buƙatar taimako na musamman a makaranta. Daga baya David Wechsler a Amurka ya fitar da nasa gwajin na yara a 1949, wanda har yau sabbin bugunsa na cikin waɗanda aka fi amfani da su. Ana ba yaro 'yan tubala masu fari da ja ya jera su yadda aka zana a takarda. Ana karanto masa lambobi ya maimaita, sannan ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Da haka ake gane inda yake da ƙarfi da inda yake ɗingishi: fahimtar magana, riƙe abu a ka na ɗan lokaci, ko saurin aiki.

Sai dai gwani ba ya farawa da tubala. Yakan fara da ido da kunne, domin yaron da ba ya ganin allo daga bayan aji ko kunnensa na zubar da ruwa zai yi kama da marar ƙwaƙwalwa. Yakan tambayi barci, da ko yaron na karyawa kafin ya fita, da ƙarancin jini, da sikila, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa hawa kai. Akwai wata farfaɗiya da ba ta kayar da mutum: yaro ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi, ya dawo bai san an yi magana ba. A ƙauyukan Zamfara da gubar dalma ta yi ɓarna a 2010, tambayar ko ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida ba ta wasa ba ce.

Lalurar rashin tattara hankali, wadda likitoci ke kira ADHD, ba a ganinta a jini ko a hoton kai. Duniya baki ɗaya ana ƙiyasta tana shafar kusan yara biyar cikin ɗari. Ƙa'idar da likitocin Amurka suka sabunta a 2013 ta ce sai alamomin sun kai wata shida, sun bayyana kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya. Shi ya sa ake ba uwa takardar tambayoyi, a ba malami tasa. Da zai yiwu ma, a ji ta bakin malamin Islamiyya. Yaron da yake natsuwa ko'ina sai a ajin lissafi, wataƙila matsalar tana ajin ne. 'Yan mata kuwa su aka fi tsallakewa, don da yawansu ba sa tayar da hankalin kowa, hankalinsu ne kawai ba ya wurin.

Wahalar karatu, wato disleksiya, tushenta yawanci kasa rarrabe sautukan da ke cikin kalma ne. Sai a ce wa yaro: faɗi "takalmi" amma ka cire "ta". Ko a ba shi kalmomin da babu su ya karanta, don kada hadda ta rufa masa asiri. Irin wannan yaro na iya haddace sura da ka tsaf, amma a nuna masa baƙi ɗaya a allo ya rasa ta cewa.

A nan ne babbar matsalarmu take. Sakamakon kowane gwaji kwatanci ne da tsaran yaro, su kuwa tsaran da aka auna aka kafa ma'aunin galibi 'yan Amurka ne ko Ingila. Ka ɗauki yaron Bichi da bai taɓa jin Turanci a gida ba, ka yi masa tambaya da Turanci, abin da ka auna Turancinsa ne. Rubutun boko na Hausa kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa, saboda haka mai disleksiya na iya karanta Hausa daidai amma a hankali, Turanci kuma ya gagare shi. Ga aji mai ɗalibi ɗari, inda rabinsu ba su iya karatu ba don ba a koya musu ba. A ganina, duk rahoton da ya ba da lamba ɗaya tak bai faɗi harshen da aka yi gwajin ba, bai cancanci kuɗin da aka biya ba.

Manya ma ana gwada su, kuma sau da yawa uba kan gane kansa ne a ranar da ya kai ɗansa. Za a bi tarihinsa har yarinta, a nemi tsoffin sakamakon makaranta ko a tambayi mahaifiyarsa, sannan a tabbatar ba damuwa ba ce, ko rashin barci, ko shaye-shayen tiramol da kodin.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, suna da likitocin da za a fara gani. Sassan ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos kuma suna horar da malaman wannan fanni. Magani irin Ritalin na taimaka wa masu ADHD da yawa a ƙarƙashin kulawar likita, amma ba ya koyar da karatu. Mai disleksiya sai an zauna da shi ana koya masa sauti ɗaya bayan ɗaya, a matso da shi gaban aji, a ƙara masa lokaci a jarrabawa.