Kasuwar Filaye da Ƙaruwar Jama'a a Garuruwan Bakin Kwalta Tsakanin Ƙonni da Galmi

Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi tana ratsa kudancin jihar Tawa ta Birnin Ƙonni, ta bi ta Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa, sannan ta wuce Malbaza da Galmi kafin ta kai Madawa. Garuruwan da ke bakin wannan kwalta, tare da ƙauyukan da ke kewaye da Ƙonni irin su Masalata, karkara ce ta manoma. Amma kuɗin da ke yawo a cikinsu ya zarce na yawancin karkarar Nijar, kuma da yawa daga cikin magidantansu ba a inda suke kwana suke neman abinci ba. Mutum zai yi sallar asuba a ƙauye, ya hau babur ya yini a kasuwar Ƙonni, ko a bakin iyaka, ko a masana'antar siminti ta Malbaza, ya komo gida bayan magariba. Wannan zirga-zirga ita ce ta sauya darajar ƙasa a yankin.

A tsarin mulki yankin ya kasu gunduma uku. Gundumar Ƙonni ta ƙunshi birnin kansa da Tsarnawa da Bazaga da Alela. Malbaza, wadda aka cire daga Ƙonni a sauyin 2011 da ya kai gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, tana da ƙananan hukumomi biyu, Malbaza da Dogarawa, kuma Galmi a ƙarƙashin Dogarawa take. Daga arewa akwai gundumar Illela, mazaunin Sarkin Adar, da Badagishiri da Tajaye. Wannan Illela daban take da Illelar jihar Sakkwato ta Nijeriya, wadda ke 'yan kilomitoci kudu da Ƙonni, wadda kuma kasuwarta ke ɗaya daga cikin wuraren da mutanen yankin ke zuwa su dawo a yini guda.

Arzikin wurin daga ruwa ya fara. Kwarin Magiya ya ratsa yankin, an kuma datse shi a Mozage da Zango domin shayar da gandun noman rani na Ƙonni, wanda gwamnati ta gina tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, mai faɗin sama da hekta 2,400. An sake gyara shi a ƙarƙashin yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta ƙulla da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Galmi ma tana da nata madatsin ruwan, kuma sunanta ne albasar nan mai ruwan shunayya ta ɗauka, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Gana da Kwaddibuwa da Benin da Togo. Bayan ruwa sai iyaka: hatsi, dabbobi, kayan masarufi, canjin naira da sefa, da man fetur na bakin hanya da ake kira ruwa-ruwa. Sai masana'antar siminti ta Malbaza da ta fara aiki a 1966, aka kuma buɗe sabuwarta a 2019 mai iya fitar da tan 650,000 a shekara, da tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 7 da aka ƙaddamar a garin a 2018, da asibitin mishan na Galmi da ke karɓar marasa lafiya tun 1950. Kowanne daga cikin waɗannan yana da ma'aikata da direbobi da 'yan dako da masu sayar da abinci, kuma dukkansu sai sun sami wurin kwana. Tushen arziki na ƙarshe shi ne kuɗin 'yan ci-rani. Adarawa sun daɗe da sanin hanyar Abijan da Kamaru da Legas da Libiya, kuma abin da ɗan ci-rani ya fi so ya nuna idan ya dawo shi ne fili da katanga.

Sai dai wadatar ba ta game kowa ba. A gari ɗaya za a ga gidan bulo mai ƙofar ƙarfe da tankin ruwa a sama, na dillalin albasa ko ɗan canji, a jikinsa kuma gidan laka na wanda hatsinsa ke ƙarewa kafin a yi shuka. Abin da ya bambanta garuruwan da sauran karkara shi ne yawan masu tsabar kuɗi a hannu, kuma su ne ke yanka wa fili farashi.

Dalilin da ya sa mai aiki a Ƙonni ke ci gaba da kwana a ƙauye ba boyayye ba ne. Gidan gado ba a biyan haya, gona tana kusa, akwai wurin ɗaure tumaki da sa, iyaye da dangi suna nan. Da can nisa ne ke tilasta wa mutum ƙaura. Shigowar babura masu araha daga Sin da Indiya tun daga shekarun 2000, da yawaitar 'yan kabu-kabu, da wayar salula da ake tambayar farashin buhu da ita kafin a tashi, sun mayar da tafiyar kilomita goma sha biyar abin yi kullum.

A ƙidayar 2012 Nijar tana da mutum miliyan 17.1, jihar Tawa tana da miliyan 3.3. Gundumar Ƙonni ta haura mutum 300,000, Illela ma haka, Malbaza kuma ta haura 230,000, shi kuwa Birnin Ƙonni ya wuce 60,000. Ƙidayar ta nuna jama'ar ƙasar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato suna ninkuwa cikin kimanin shekara 18. Matsakaicin haihuwar mace ɗaya a ƙasar ya kai 7.6 a binciken 2012, ya sauko zuwa 6.2 a na 2021, kuma kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Ma'anar wannan ga kasuwar filaye a fili take: kowace shekara samari masu yawa na isa aure, kowanne yana bukatar ɗaki, daga baya kuma gida. Mafi yawan mazaunan yankin Hausawa ne, Ƙonnawa da Adarawa da Gobirawa, tare da Buzaye da Fulani. Yawan mutane kuma yana hawa da sauka da lokacin shekara. Bayan girbi ƙauyukan tudu kan zama kusan na mata da yara da tsofaffi saboda maza sun tafi ci-rani, alhali garuruwan albasa a lokacin ne suke cika da 'yan ƙwadago masu dashe da ban ruwa da cira.

Kasuwar ƙasa a nan iri biyu ce, kuma kowacce da ma'auninta. Gona ana auna ta da ruwa. Jigawa, wadda sai damina ta ba da gero da wake, darajarta kaɗan ce. Fako mai tsakuwa ya fi ta arha. Fadama kuwa, inda ake haƙa 'yar rijiya a sa injin ban ruwa a yi garka, ita ce abin nema, domin albasar da aka dasa da sanyi aka cire da bazara, idan aka adana ta a rumbun albasa da ake kira rudu har farashi ya tashi bayan damina, tana iya mayar da kuɗin hayar filin ta bar riba. Saboda haka mai fadama ba kasafai yake sayarwa ba, sai dai ya ba da haya ta shekara ko ya yi jingina. Jingina ita ce ƙofar da gonaki da yawa ke fita daga hannun talaka: rashin lafiya ko biki ko yunwar bazara ta sa ya karɓi kuɗi ya miƙa gona, shekaru su wuce bai fansa ba, mai kuɗin ya ƙara masa wani abu a kai, magana ta zama ciniki. A gandun noman rani na Ƙonni doka ta ce ƙasar ta gwamnati ce, hukumar ONAHA da ƙungiyoyin manoma ke kula da ita, manomi aikin fili kawai aka ba shi. Duk da haka filayen na sauya hannu ta gado da haya da sayarwa a tsakanin mutane, shi ya sa sunan da ke cikin littafi da mutumin da ke riƙe da fartanya sukan bambanta.

Filin gini kuwa kwalta ce ma'auninsa, sai wutar NIGELEC da famfo, sai kusanci da kasuwa ko tasha. Gonar geron da ba ta da wata daraja a wajen manomi, idan Allah ya sa tana bakin hanya, sai ta zama wurin gidan mai ko shaguna ko rumbun ajiyar albasa. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, yanka filaye ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ma'aikatar magajin gari: a auna gonakin bayan gari, a fitar da tituna, a kafa turakun siminti, a ba masu gonakin wani kaso na filayen a matsayin diyya, a sayar da saura. Da yawa cikin masu saye ba gini ne a gabansu ba. Ɗan kasuwa ko ɗan ci-rani yana ajiye kuɗinsa ne a ƙasa kamar yadda kakansa ke ajiye shi a garken shanu, da bambancin cewa fili ba ya cin dusa, fari kuma ba ya kashe shi. Wannan ne ya sa ake ganin unguwanni a gefen gari da katangu tsaye babu kowa a ciki, ko kuma mai gonar na da yana ci gaba da shuka gero a tsakanin turakun har ranar da mai fili zai kawo bulo. A ƙauyuka kuma ana yin yankan ba tare da hukuma ba: magada su kira mai awo da igiya, su raba gonar mahaifinsu gida-gida, dillali ya kawo masu saye ya karɓi la'adarsa. Irin wannan yanka ba ya barin wurin makaranta ko magudanar ruwa, kuma filin da ya fi arha sau da yawa shi ne wanda ke kan hanyar ruwa, abin da damina mai ƙarfi irin ta 2024 ke tonawa.

Rikicin filaye galibi daga takarda yake tasowa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya daidai da mallakar da ke rubuce, ta kuma tanadi hukumomin filaye da ake kira Kofo, a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. A ƙauye mai gari ne ke shugabantarta, kuma ana iya samun takardar shaidar gado, ko ta sayarwa, ko ta kyauta, ko ta haya, ko ta aro, ko ta jingina. Filin da magajin gari ya yanka yana da tasa takardar sayarwa, sama da ita kuma akwai takardar mallaka ta dindindin daga ofishin filaye na gwamnati, wadda aka sauƙaƙa samunta tun 2006 da tsarin da aka sa wa suna Shaida. Amma har yanzu ciniki da yawa da baki ake yinsa a gaban shaidu, a yi fatiha a watse. Shekara ashirin bayan haka shaidun sun rasu, filin ya yi tsada, sai wani ɗan'uwa ya dawo daga Abijan ya ce gonar gandu ce, ba a raba ba, wanda ya sayar ba shi da hurumi. Ana fara kai irin wannan ƙara gaban mai gari da sarki domin sulhu kafin ta kai ga alƙali. Mata su ne suka fi cutuwa, domin duk da kason da shari'ar Musulunci ta ba su, sau da yawa 'yan'uwa maza ke riƙe gonar. Makiyaya ma suna cikin masu asara: dokar kiwo ta 2010 ta hana mallake burtali da makiyaya, amma inda ƙasa ta yi tsada gonaki kan ci gefensu kaɗan-kaɗan.

Gine-ginen kansu sun sauya. Laka da azara na ba da wuri ga bulon siminti da rufin kwano, kuma a Oktoban 2024, bayan ambaliyar shekarar, gwamnati ta rage farashin siminti a ƙasar baki ɗaya. Gidajen haya sun fi yawa a Ƙonni da Malbaza da Galmi, inda ake jera ɗakuna ciki da falo a tsakar gida ɗaya domin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da jami'an kwastan da direbobi. A ƙauye haya ba ta yi ƙarfi ba, baƙo aro ake ba shi.

Da yake kuɗin sayen filaye daga kasuwanci yake fitowa, duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa su. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Cire tallafin man fetur a Nijeriya a Mayun 2023 ya rage ribar 'yan ruwa-ruwa, sannan takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sake rufe hanyar har zuwa Maris 2024. A irin waɗannan lokuta gini kan tsaya a linta, masu filayen ajiya su fara neman mai saye. Faɗuwar naira kuma tana da fuska biyu: tana rage darajar abin da ɗan ci-ranin Legas ko Kano ke aikowa gida, amma tana sauƙaƙa wa mai sefa sayen kwano da rodi da fenti a kasuwar Illela ko Sakkwato.

A gundumar Illela lamarin ya ɗan bambanta. Nisa da iyaka ya sa masu zuwa aiki su dawo a yini guda ba su kai na kewayen Ƙonni ba, ƙasar kuma ta fi yawan duwatsu da fako. Badagishiri ce, da kasuwarta da kwarinta da hanyar Tawa da ta ratsa ta, ta fi kama da garuruwan kudu wajen tsadar filin bakin kwalta. A sauran ƙauyukan kuɗin ci-rani ne ke gina gidaje, kuma yawanci a filin gado ake ginawa, don haka sabon gini ya fi cinikin fili yawa.